Jallabiya a cikin dalar Fir'auna

Akwai wani mutuminmu a Alƙahira, mai son a ce ya san gari. Ina sauka ya zana mini tsari: Masallacin Azhar, Masallacin Ibn Tulun mai hasumiyar nan da matattakalarta ke zagayawa ta waje, sai sansanin Salahuddin. Duk wannan lafiya lau. Ranar zuwa Giza, inda dalolin suke, ita ce ya kalle ni ya ce, "Malam, yau doguwar jallabiyar nan za ka sa, hoton tarihi za mu yi." Na sa, na ɗora hula.

Tikitin shiga filin daban, na shiga cikin babbar dalar Fir'auna Kufu daban. Ya karɓo mini na biyun, guda ɗaya tak. Na ce naka fa? Ya ce ai shi ya taɓa shiga, zai riƙe mini gorar ruwa. Ya nemi inuwa ya zauna.

Ba ta asalin ƙofar ake shiga ba, ta wani rami ne da ake cewa mutanen Halifa Ma'amun suka fasa a ƙarni na 9. Nan a tsaye ake tafiya, har mutum ya fara raina abin. Sai a iso hanyar hawa. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi wajen mita 1.2, faɗinta kamar mita ɗaya, tsawonta ya kusa mita 40, kuma ta miƙe sama da gangaren digiri 26. An shimfiɗa katako mai 'yan sanduna a gicciye inda ƙafa za ta kama. Wato ruku'u za ka yi, a cikin ruku'un kuma ka hau tudu, masu saukowa suna goga ka da kafaɗa.

To ita doguwar riga, da zarar ka sunkuya gabanta ya sauka ƙasa, daidai inda ƙafarka za ta taka. Na taka. Rigar ta fizgo wuyana, na yi gaba. Na ɗaga ƙafar, na taka da ɗayar. Na ce bari in miƙe in gyara, dutse ya amsa mini a tsakar kai, ƙum! Hula ta faɗi, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta gangara. Ina jin mutanen baya suna sanar da juna zuwanta da harsuna iri-iri. Hannu ɗaya na kan ƙarfen riƙo, ɗaya na tattare riga, babu na ukun da zai dafe kai. Juyawa ba hali, ci gaba kuwa ina tsaye a kan rigata. Layi ya tsaya cak. Wani daga ƙasa ya yi kira, "Yalla ya hajj!" Ni da ko Umara ban je ba.

Sai wata tsohuwar Baturiya da ke bayana, wadda a haife ta haifi babata, ta sa hannu ta tattaro bayan jallabiyar ta riƙe, ta ce in je. A haka muka ƙarasa, ni a gaba, ita tana riƙe da ni. Abin da ya fi ci mini rai, matar nan ko haki ba ta yi. Wando ne a jikinta da takalmin roba mai kama ƙasa. Da muka fito doguwar farfajiyar nan mai tsawon kusan mita 47 da rufi sama da mita 8, ina jingine ina neman numfashi, ita kuwa har ta fara yi wa mijinta bayanin yadda kowane layin dutse ya ɗan matso ciki fiye da na ƙasansa. Mijin ma ban yafe masa ba. Hular ta zo hannu zuwa hannu ta tsaya a wurinsa, ya juya ta, ya duba ɗinkin, ya gwada a kansa, sannan ya miƙo mini yana ɗaga babban yatsa.

Can ƙarshen farfajiyar kuma sai an sake durƙusawa kafin a shiga ɗakin sarki. Bayan duk wannan wahalar, ɗaki ne na jan dutsen da aka ɗauko tun daga Aswan, ba zane ba rubutu, sai akwatin dutse guda, babu murfi, babu Fir'auna, gefe ɗaya ma a gutsure. Ga zafi, ga numfashin jama'a. Tsohuwar ta leƙa akwatin tana ta jinjina kai.

Saukowa ta fi hawa cin cinya. Na ɗaure jallabiyar a ƙugu, na cusa hula a aljihu, na sauko da baya da baya yadda na ga wasu na yi.

Ina fitowa na tarar da mutuminmu ya shanye ruwan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kwance rigar mana, rana za ta juya." Hoton ya fito, amma ya yanke kan dalar.