Rubutu kamar sawun tururuwa a hannun alhazai

A wani masauki da ke Misfala, inda alhazanmu suka saba sauka a Makka, wata dattijuwa ta tare ni a bakin lif da takarda a hannu. "Ɗana, duba min nan, ina ne tantinmu?" Na ce, "To Hajiya, kawo." Na karɓa, na kai ta kusa da fuska, na nesanta ta, na matsa ƙarƙashin fitila. Ni da nake sanye da tabarau sai da na ɗauki hotonta da waya na buɗa kafin na ga lambar tantinsu na Mina. A shafi ɗaya tal an cusa jadawalin motoci, lokutan jifa, lambobin waya da gargaɗin zafin rana. Da yamma kuma aka tara su bita, aka haska musu irin wannan cunkoso a allon majigi, mai jawabi yana cewa "kamar yadda kuke gani," alhali ko 'yan sahun gaba ba sa gani.

Wannan ɗabi'a ta yaɗu tun da kowa ya zama maɗaba'ar kansa. Da can mai buga littafi yana da iyakar haruffan dalma da ke akwatinsa. Yanzu Word zai bar ka ka sauke girman rubutu har lamba 1, PowerPoint kuma da kansa yake matse harafi idan ka cika akwati da surutu. Ɗalibanmu na jami'o'in nan da suka koyi LaTeX, wata manhajar tsara rubutu, sun fi kowa: mafi ƙanƙantar girman da aka tanada a takarda mai lamba 10 shi ne lamba 5, amma sun gano umarnin da ke ba su damar zaɓar girman da suka ga dama, har alfahari suke yi sun dunƙule babi guda a allo ɗaya.

A yi lissafi. Kowace lamba ɗaya kashi ɗaya ce cikin 72 na inci, wato kusan sulusin milimita. A ce da lamba 6 aka buga takardar Hajiya: lamba 6 ta ɗan haura milimita 2, kuma wannan tsawon gurbin harafin ne gaba ɗaya. Ƙananan haruffa irin su a da o kusan rabin haka suke samu. Tarayyar Turai, a dokar da ta kafa a 2011 kan bayanan jikin kayan abinci, ta ce tsayin ƙaramin harafi kada ya gaza milimita 1.2. Ke nan abin da ba a yarda a liƙa a gwangwanin madara a Faransa ba, shi muke miƙa wa mai shekara 70 ya nemi hanyarsa cikin taron da ya haura mutum miliyan ɗaya. Idon ɗan Adam kuwa daga wajen shekara 40 yake fara kasa ganin na kusa, kuma wanda ya daɗe yana tarin kuɗin kujera ba kasafai yake zuwa da ƙuruciyarsa ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne harshenmu ya fi Turanci cutuwa da wannan. Bambancin ƙasa da kasa, baƙi da baki, ɓata da bata, ɗan lanƙwasa ne a kan harafi. Ka matse shi, injin ya yi ƙarancin tawada, lanƙwasar ta tafi. Larabci ya fi haka tsanani, domin haruffan "ba" da "ta" da "sa" ɗigo ne kawai ya raba su, ga wasula a sama da ƙasa. Addu'ar ɗawafi aka buga wa mutane, amma ɗigon ya haɗe da wasali ya zama tabo.

Masu cewa ai tsimin takarda suke yi, su fara rage tambari da hoton shugaba da suka cinye rubu'in shafin. Masu cewa kowa na da waya ya buɗa, su gwada hakan a rana tsaka a hanyar Jamarat, da lema a hannu ɗaya da gorar ruwa a ɗayan. A aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma zafi ne kan gaba. Gargaɗin shan ruwa da gujewa rana ba abin da za a ɓoye a gindin shafi ba ne kamar sharaɗin bashin banki.

Kuma abin koyi yana nan kusa. Mus'hafin Madina da Cibiyar Sarki Fahad ke bugawa layi 15 ne a shafi, shafi 604, ba a taɓa cewa a matse shi ya koma 300 don sauƙin ɗauka ba. Mai raunin gani ma babban bugu ake yi masa.

Gaskiyar maganar, wanda ya ƙanƙanta harafi ya ƙi zama ya tace maganarsa ne, sai ya ɗora wa idon mai karatu aikin. Takardar hannu kada ta gaza lamba 12, allon majigi ya kama daga 24 zuwa sama, abin da bai shiga ba a buɗe masa wani shafin ko a faɗe shi da baki. Kafin a kai maɗaba'a kuma, a miƙa wa dattijon da ya fi kowa shekaru a ayarin ya karanta. Hajiyar nan dai da biro na rubuta mata lambar tantin a bayan takardar, manya-manya, ta ninke ta cusa a jakar wuya.