Ba Duk Ɗan Takara Mai Ambaton Allah Ne Ɗan Kishin Ƙasa Na Kiristanci Ba

Mutane da yawa, da zarar sun ji ɗan takara a Amurka ya jawo ayar Littafi Mai Tsarki, sai su ce ai ɗan kishin ƙasa na Kiristanci ne. Wannan kuskure ne babba. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya shafe shekaru yana koyar da darasin Lahadi a cocinsa na Plains, jihar Jojiya, amma ya tsaya tsayin daka kan raba coci da gwamnati.

Aƙidar da ake nufi daban take. Tana cewa Amurka ƙasar Kirista ce tun asali, don haka dokokinta da makarantunta su fifita Kiristanci. Dubi Doug Mastriano, ɗan Republican da ya nemi gwamnan Pennsylvania a 2022. Ya kira raba coci da gwamnati tatsuniya, ko da yake bai yarda a laƙaba masa sunan ɗan kishin ƙasa na Kiristanci ba. Josh Shapiro ya kayar da shi. A shekarar dai, Marjorie Taylor Greene, wadda a lokacin 'yar majalisar wakilai ce daga Republican, ta fito fili ta ce ya kamata jam'iyyarsu ta rungumi sunan.

Abin da ya dame ni shi ne makomar Musulmi da Bayahude da marar addini a irin wannan tsari, alhali gyara na farko ga kundin tsarin mulki, na 1791, ya hana gwamnati kafa addinin ƙasa. Kiristoci ma da dama suna adawa da aƙidar. A 2019 wata ƙungiyar Baptist mai kare 'yancin addini ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da ita.