Amurka: baki na yabon King, alƙalami na wani aikin

Ranar Litinin 20 ga Janairun 2025, tsananin sanyi ya kori bikin rantsar da Donald Trump daga filin gaban majalisar dokokin Amurka zuwa cikin zaurenta. Ranar ta zo daidai da hutun tunawa da Martin Luther King, wanda ake yi duk Litinin ta uku a watan Janairu. Trump bai bari damar ta wuce shi ba. Ya gode wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka bisa ƙuri'un da suka ba shi, ya ce za a haɗa hannu a cika burin King, ya kuma yi alkawarin gina ƙasar da cancanta kaɗai za ta yi aiki a cikinta ba launin fata ba. A daren nan ya sa hannu a umarnin rufe shirye-shiryen gwamnatin tarayya na damawa da kowane jinsi. Washegari kuma ya soke umarni mai lamba 11246, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya bayar a 1965, wanda shi ne ya hana kamfanonin da ke cin kwangilar gwamnati nuna wariya wajen ɗaukar ma'aikata, ya kuma tilasta musu su tashi su nemo waɗanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa.

Magoya bayansa za su ce babu tufka da warwara a nan, don King da bakinsa ya roƙi ranar da za a auna 'ya'yansa da halinsu ba da fatarsu ba. Haka ne, ya faɗa, ranar 28 ga Agustan 1963. Sai dai a cikin jawabin nan dai ya ce Amurka ta ba baƙaƙe cakin banki wanda aka dawo da shi babu kuɗi a asusu, kuma gangamin da ya yi jawabin a cikinsa na neman aikin yi ne da 'yanci. A Memphis aka harbe shi a 1968, ya je goya wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu. Shekara biyu kafin haka, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa kallonsa da idon rahama. Yau sunansa ya zama babbar rigar aro, kowane shugaba ya ɗauka ya yafa ranar biki, da yamma a ninke a mayar akwati.

Don haka ni ban ɗauki ambaton King a matsayin ma'auni ba. Abin da nake nema a jawabin rantsuwa abu biyu ne: ko shugaban ya kama sunan laifin da mai laifin, da kuma ko ya ɗaure kansa da wani takamaiman aiki da za a iya binsa bashinsa. Duk zaƙin jawabi, in babu ko ɗaya cikin biyun nan, ado ne. Kuma dole in faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba: a wannan ma'aunin, jawabin Trump mai nauyi ne. Ya ce a cikin makon zai kawo ƙarshen manufar gwamnati ta cusa batun launi da jinsi a harkokin jama'a, ya kuma yi. Ina ganin abin da ya yi ɓarna ce, amma bai yaudari kowa ba game da inda ya dosa.

Abraham Lincoln shi ne ya fi kowa nuna bambancin, domin mutum ɗaya ne ya yi jawabi biyu da suka yi hannun riga. A Maris ɗin 1861 yana lallashin jihohin kudu ne kada su ɓalle, ya ce ba shi da niyyar taɓa bauta a inda take, bai ma ga yana da hurumin yin haka ba. Lallashin bai hana yaƙin basasa ba. Da ya dawo a Maris ɗin 1865, yaƙi na dab da ƙarewa, nasara a hannunsa, bai tsaya kirari ba. A jawabin da bai wuce kalma ɗari bakwai da 'yan kai ba, ya ce ɗaya cikin takwas na mutanen ƙasar bayi ne, kuma kowa ya san bautar nan ce tushen yaƙin. Bai ɗora wa kudu laifin ita kaɗai ba, ya haɗa da arewa. Ya ce in Allah Ya so yaƙin ya ci gaba har sai dukiyar da aka tara da gumin bayi na shekara 250 ta narke, har sai kowane ɗigon jinin da bulala ta zubar an biya shi da wanda takobi ya zubar, to hukuncin Ubangiji gaskiya ne. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban muryar 'yanta bayi, yana cikin taron, kuma da suka haɗu a liyafar fadar shugaban ƙasa ya shaida wa Lincoln cewa aiki ne mai tsarki. Bayan makonni shida aka kashe Lincoln.

Ulysses Grant ya bi ɗaya hanyar a 1869, wato ɗaure kai da takamaiman aiki. Ba gwanin magana ba ne, amma ya nemi jihohi su amince da gyara na 15 ga kundin tsarin mulki, wanda ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launinsa, kuma a 1870 aka amince. Rutherford Hayes kuwa, a 1877, ya cika jawabinsa da alkawarin kare haƙƙin farare da baƙaƙe baki ɗaya. Wata guda bayan haka ya janye sojojin tarayya da ke gadin gwamnatocin South Carolina da Louisiana. Daga nan aka shiga zamanin dokokin wariya, aka riƙa tsige baƙaƙe daga rajistar zaɓe da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu, sai bayan kusan shekara casa'in aka dawo kan maganar da gaske.

Jawabin John Kennedy na 1961 yana cikin waɗanda aka fi haddacewa, amma in ka bi shi layi-layi za ka ga duniya yake wa magana: Tarayyar Sobiyet, makaman ƙare dangi, da sabbin ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka, lokacin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ba su daɗe da karɓar 'yanci ba. Batun baƙaƙen ƙasarsa kuwa ya tsaya ne a 'yan kalmomi, inda ya ce Amurka na kare haƙƙin ɗan'adam a gida da waje, kuma mashawartansa Harris Wofford da Louis Martin ne suka matsa aka saka "a gida" ɗin. A watan Yunin shekarar, jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa Washington, ya tsaya a wani gidan abinci a kan babbar hanya mai lamba 40 a jihar Maryland, aka ƙi sayar masa saboda baƙi ne. Kunyar da irin wannan ke jawo wa Amurka a idon Afirka, ga Sobiyet na dariya, tana cikin abubuwan da suka sa fadar ta fara motsi.

Haka ma Johnson. A rantsuwarsa ta Janairun 1965 ya ce duk wanda ya ƙi ɗan'uwansa don launinsu ba ɗaya ba ya ci amanar Amurka. Magana ce mai kyau, amma ba ita ta haifi dokar zaɓe ba. Ranar 7 ga Maris 'yan sandan Alabama suka far wa masu tattakin neman 'yancin ƙuri'a a kan gadar Selma da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai, duk ƙasa na kallo a talabijin. Bayan kwana takwas Johnson ya tsaya gaban majalisa ya nemi doka, ranar 6 ga Agusta ya sa mata hannu. Jinin Selma ne ya turo shi, shi kuma ya san yadda ake murɗa hannun sanatoci.

Barack Obama ba ya buƙatar dogon bayani a 2009, tsayuwarsa a wurin ta isa. Game da kansa jimla ɗaya ya yi: mutumin da ƙasa da shekara 60 baya mai yiwuwa a ƙi sayar wa mahaifinsa abinci a garin, yau shi ke shan rantsuwa. Na fahimci dalilin taka-tsantsan ɗin, amma labarin ya fi yi wa farare daɗi, don yana nuna kamar an gama biyan bashi. A 2013 ya ɗan ƙara buɗe baki. Ya dafa Baibul ɗin Lincoln da na King, ya ambaci Selma, ya ce tafiya ba ta ƙare ba matuƙar akwai ɗan ƙasa da ke shafe sa'o'i a layi kafin ya jefa ƙuri'a. Wata biyar bayan nan, ranar 25 ga Yuni, alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka karya ƙashin bayan dokar 1965 a shari'ar Shelby County, suka rusa tsarin da ke tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen wariya neman izinin Washington kafin su taɓa dokokin zaɓe. A ranar ce Texas ta sanar za ta fara aiki da dokarta ta nuna katin shaida kafin jefa ƙuri'a.

Joe Biden ya yi abin da babu shugaban da ya taɓa yi a jawabin rantsuwa: a 2021, mako biyu bayan an kutsa majalisa, ya kira aƙidar fifikon farar fata da sunanta, ya ce kukan neman adalci na shekara 400 ba za a sake ɗage shi ba. Wannan rabin ma'aunin ya cika shi, kuma ban raina shi ba, domin abin da shugaba ya kama sunansa a bainar jama'a yakan zama bashi a wuyansa. Rabin na biyu ne ya gagara. Ƙudirin gyaran aikin 'yan sanda mai sunan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe, ya wuce a majalisar wakilai ya mutu a ta dattawa. Ƙudirin zaɓe mai sunan John Lewis, wanda zai dawo da tsarin neman izinin, ya faɗi a Janairun 2022, bayan sanatoci biyu na jam'iyyar Biden, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, sun ƙi yarda a sauya ƙa'idar majalisar dattawa da ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin ƙudiri ya wuce.

Abin da ya rage wa mai ƙorafi yanzu shi ne ya garzaya kotu bayan aikin gama ya gama. A Alabama baƙaƙe sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, amma taswirar mazaɓun da jihar ta zana bayan ƙidayar 2020 ta ba su rinjaye a mazaɓa ɗaya tak cikin bakwai. Sun kai ƙara, ƙaramar kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin, aka yi zaɓen 2022 da taswirar. Sai a Yunin 2023 Kotun Ƙolin ta tabbatar da hukuncin ƙaramar kotun, lokacin waɗanda aka zaɓa da taswirar sun yi wata biyar a kujerunsu, kuma sun ci gaba da zama har wa'adinsu ya cika.