Buɗe shago a intanet ba shi ne iya kasuwanci ba

Na yarda da wani rahoto kan sa ɗalibai su buɗe shago a intanet, wanda ya ce ɗalibi ya fi koyon kasuwanci idan ya taɓa shi da hannunsa, amma an tsallake inda gizo ke saƙar. Buɗe shafi a Instagram ko WhatsApp aikin yini ɗaya ne. Abin da ke kayar da yara shi ne lissafi. Kafin a sayi kaya ko ɗaya, a tura ɗalibi ya tambayi mutum 10 da ba danginsa ba, ya ga ko 3 za su biya kafin kaya su iso. Idan babu, ya sauya haja tun jarinsa na hannunsa. Sannan ya rubuta abin da kowane kaya ya ci: kuɗin saro, na ƙunshewa, na aikawa, na data, na talla, da kason da manhajar karɓar kuɗi ke cirewa. Da yawa sukan cire kuɗin saro kawai su kira sauran riba, sai kaya guda ya dawo ya cinye ribar mako. Ga kuma haɗa kuɗin shago da na aljihu. Mai sharhin da ya ce a ba da maki gwargwadon ciniki, ban goyi bayanka ba, domin ɗan masu hali zai sayar wa 'yan'uwansa ya zo na ɗaya. A duba littafin shige da fice duk mako, a sa ɗalibi ya bayyana dalilin asararsa. Kuma ɗaliban da ba su kai shekara 18 ba, da sunan wa za a buɗe asusun shagon, wa zai biya idan mai saye ya yi ƙorafi?