Nawa, kuma yaushe?

Ku da kuka cika mini waya tun daren jiya wai na ci fuskar yaron nan a majalisarmu ta Tudun Wada, ban ci fuskar kowa ba. Tambaya na yi. Yaro ya ce bana zai zama hamshaƙin ɗan kasuwa, kwantena zai riƙa saukewa. Sannu Alhaji! Na ce me za ka fara sayarwa? Shiru. Jarin nawa? Wane wata za ka buɗe? Sai ya hau shafa tsagaggen gilashin wayarsa, ya ce, "Yaya, ai Allah ne mai yi."

Allah ne mai yi, wa ya musa? Amma nawa, kuma yaushe?

Gwaggona da ke Ƙofar Doka ko ajin boko ba ta taɓa leƙawa ba. Duk azumi sai ta sauke Alƙur'ani, don ta san izu 60 ne, kwana kuma 29 ko 30. Izu biyu kullum, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar, da ɗan zare a tsakanin shafi. Ranar da baƙi suka cinye mata lokaci, gobe uku za ta ja. Ita ma da "in Allah ya yarda" take farawa, sai dai lissafinta na hannu.

Kai kuwa ɗalibi, sai ka ce "zan shiga jami'ar ABU in karanta likitanci." To, jarrabawar shiga jami'a ta JAMB maki 400 ce, nawa kake hari? Tambayoyin baya nawa kake warwarewa kafin ka kwanta?

Masu cewa na kashe masa gwiwa, ku ba shi jarin mana, mu gani. Masu cewa ƙasa ta yi tsada, sai ka ce ni a Dubai nake cefane.

Gaskiya tausayinsa nake ji, don ni ma na yi wannan. Shekara uku ina cewa zan yi gini, ko bulo ɗaya ban aje ba. Sai da na shiga adashi mu goma, na ce ɗibana na farko siminti ne kawai, sannan harsashi ya fito. Har yau ɗaki ɗaya ne, ba rufi, awakin maƙwabta ke kwana ciki.