Gurbin da ka cike da lambar ƙarya, ƙodar wani bawan Allah ce

Ƙannena masu sha'awar haɗa likitanci da bincike, musamman ku da kuka zaɓi ɓangaren ƙoda, ku yi haƙuri yau zan ɗan yi faɗa. Abin da idona ya gani shekaranjiya har yanzu yana cina.

Na shiga ofis na tarar da wani yaronmu, likita ne mai ƙwaƙwalwa wallahi, ina son shi, yana zaune gaban kwamfuta da jerin marasa lafiyar da muke bibiya. Layi na 47, wajen gwajin kiriyatinin (gwajin jinin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki) na wata shida, babu komai, mutumin bai dawo ba. Ina tsaye a bayansa ya kalli lambar wata ukun baya, ya ɗan ƙara mata kaɗan, ya rubuta, ya gangara layi na gaba kamar ba abin da ya faru. Na ce kai wane, daga ina ka samo wannan? Ya juyo ko a jikinsa ya ce, "Ranka ya daɗe ai ba za ta wuce haka ba, kuma Juma'a za a rufe karɓar takardun bincike."

Ba za ta wuce haka ba! Kai ka halicci ƙodar?

Abin da ya fi ƙona min rai, bai ma san laifi ya yi ba, a wajensa gyara ne. To ku saurara. A ciwon ƙoda, wanda ya daina zuwa asibiti sau da yawa ba warkewa ya yi ba. Ko jiki ya yi nauyi ya kasa tashi, ko an fara mai wankin ƙoda a wani waje, ko ƙarfin aljihu ya ƙare, ko kuma an binne shi. Wato waɗanda gurbinsu ke zama wayam galibi su ne ciwon ya fi ci. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka lafta musu lamba mai kyau, shikenan takardarka ta fito tana cewa ciwon na tafiya a hankali, maganin na aiki, wani likita a wata ƙasa da bai taɓa ganinka ba ya karanta ya yarda, ya sallami mara lafiyarsa ya ce ya dawo bayan shekara. Dama ita ƙoda ba ta da kuka, kiriyatinin ba ya tashi sosai sai kusan rabin aikinta ya tafi, mutum na yawonsa lafiya lau a ido. Gwajin nan shi ne bakinta, kai kuma ka toshe bakin ka yi magana a madadinta.

Duk gaggawa ce ke jawo wannan. Kowa so yake kafin ya cika shekara biyu da fara koyon aiki a ce yana da takarda goma sha, a kira shi masani. Sauri ya haifi nawa, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Na sani ana matsa muku, wajen ƙarin girma ƙirga takardu ake yi ba karanta su ba, na san abokanka da suka tsaya kan duba marasa lafiya kawai sun riga ka samun abin duniya, kai kuwa safe kana asibiti, yamma kana ɗakin gwaji, dare kana rubuta neman tallafin da za a ƙi ba ka. Hanyar haka take, kuma ba wanda ya ɗaure ka ya kawo ka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku dubi waɗanda suka share mana hanyar nan mana. Richard Bright a asibitin Guy's na Landan, cokali da kyandir yake dafa fitsarin masu kumburi ya ga ko furotin zai daskare, in mara lafiya ya rasu ya duba ƙodar da idonsa ya haɗa da abin da ya rubuta, sai 1827 ya fitar da abin da ya tara. Willem Kolff a Holan, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗa injin wankin ƙoda da ledar selofen da ganga mai juyawa. Daga 1943 ya fara sa mutane, kusan duk suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, sai a 1945 wata tsohuwa 'yar shekara 67 ta farfaɗo ta rayu. Da mutumin nan irin yaronmu ne, ai da tun mara lafiya na uku ya "gyara" lissafi ya sanar da duniya nasara. Bai yi ba, kuma bayan yaƙi kyauta ya rarraba injinan ga asibitocin wasu ƙasashe. Joseph Murray ya yi dashen ƙoda tsakanin tagwaye a Boston a 1954, kyautar Nobel ba ta zo ba sai 1990. Shekara 36! Kai wata shida ya gagare ka jira.

Akwai ciwon nan da ke sa matatar ƙoda ta yi kauri furotin ya dinga zuba a fitsari. Tun 1959 aka iya haifar da irinsa a jikin ɓera, amma ainihin abin da garkuwar jikin ɗan Adam ke kai wa hari, wani furotin da ke jikin matatar mai suna PLA2R, ba a kama shi ba sai 2009 a ɗakin gwajin wani masanin ƙoda, David Salant. Shekara hamsin ana laluɓe. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Wanda ya fi taɓa ni ma shi ne labarin wata ƙwayar gado mai suna APOL1. A 2008 masana suka nuna wata ƙwayar gado, MYH9, suka ce ita ke sa ciwon ƙoda ya fi kama masu asali da Afirka. A 2010 aka gano maƙwabciyarta ce mai laifin, APOL1, wadda sauye-sauyenta ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma in ka gaji biyu, daga uwa da uba, haɗarin lalacewar ƙoda ya ƙaru. Na farkon sun yi kuskure, amma lambobinsu na gaskiya ne, shi ya sa na bayansu suka bi sawu suka isa. Ana iya gyara kuskure. Lambar da ka ƙirƙira kuwa, wa zai bi sawunta, zuwa ina?

Kuma ba shi kaɗai ba ne, kar ku ce na sa yaro ɗaya a gaba. Ga 'yan "dan Allah sa sunana", mutum bai taɓa ɗibar jini ko ɗaya ba, bai san ma me aka auna ba, amma sunansa na uku a takarda, ka tare shi da tambaya ɗaya ya hau inda-inda. Kayan aro ba ya rufe katara. Ga masu biyan kuɗi mujallar bogi ta buga musu cikin kwana uku ba wanda ya duba. Ga masu ɗaukar hoto da farar riga kusa da injin wankin ƙoda, mara lafiya na kwance a baya allura biyu a hannu ya yi awa huɗu yana jin jiki, su kuwa Facebook ne a gabansu. Balle raina nas da ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda su suka san wace kwalbar jini ce ta kwana a waje ta lalace, wannan kuma ranarsa daban.

Me za a yi? Ku ji tsoron Allah kawai, ku rage sauri. In gurbi babu komai a bar shi babu komai, a faɗa a takarda cewa mutum kaza ba su dawo ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Lokacin da muke tasowa, malaminmu littafi ne da shi mai bango mai kauri, da biro ake rubutu, in ka yi kuskure layi ɗaya za ka ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasan, ka sa hannu ka sa kwanan wata. Ranar da ya ga an goge lamba da abin gogewa, wuni ya yi bai yi wa kowa magana ba, mu kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Yana iya tsayar da aikin wata guda saboda kwalba ɗaya da aka rasa sunan mai ita. Ya san marasa lafiyarsa da suna, ya san mai 'ya'ya nawa, in ɗaya bai zo ba sai ya sa an nemo dalili. Ina irinsu yanzu? Yau sai ka ga yaro ya san sunan kowace babbar mujalla amma bai san fuskar mutum ɗaya a cikin jerin da yake lissafi da shi ba.

Shi kuwa yaron namu, na sa shi ya goge lambar a gabana, na ce ɗauko fayil ka kira wayar da ke ciki. Matar mara lafiyan ce ta ɗauka. Ta ce ai ya rasu tun wata biyu da suka wuce, kumburi ya taso mai, numfashi ya gagara. Allah ya jiƙansa. Yaron ya ajiye wayar ya yi shiru, ni ma ban ce mai komai ba, na fita na bar shi da sauran layukan.