Shekara 20 ina yi wa mol sanin shanu

Wata ranar Laraba 'yata ta dawo daga makaranta da gwangwani cike da ƙananan kusoshi. Malamar kemistiri ce ta raba musu, ta ce kowa ya je ya gano kusoshi nawa ne a cikin nasa, amma kada wanda ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina kallonta ta ɗauko ɗan sikelin da muke auna wasiƙa, ta ware kusa 10 ta ɗora, ya nuna giram 8. Ta juye sauran duka a kansu, aka tashi da giram 400 gaba ɗaya. Ta yi shiru kaɗan, sai ta ce, "Baba, 500 ne." Na ce da kyau, to ina kemistirin yake a nan? Ta ce malamar ta ce mako mai zuwa za su fara mol, ma'aunin da ake ƙirga ƙwayoyin zarra da shi, wannan shi ne ƙofarsa.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ba ta wannan ƙofar na shiga ba. A gida, ranar da za mu fara mol, Malam ya shigo ya rubuta n = m/M a allo, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, muka rera shi da Turanci har ya zauna. Washegari ya ƙara 6.02 × 10²³, jibi ya ƙara 22.4. Kafin wata ya ƙare ina iya warware tambaya 30 a zama ɗaya ba tare da kalkuleta ba. Na ci jarrabawa da kyau, na yi jami'a, yau ga ni a Jamus ina aiki a ɗakin gwajin ruwa, kullum hannuna cikin mol yake. Amma da a ce wani ya tare ni a shekarun farko ya ce, "Don me ake raba nauyi da wancan nauyin?" da amsata ba ta wuce "haka fomular take" ba.

Abin da kusoshin nan ke koyarwa mai sauƙi ne. Ƙwayoyin zarra ba sa haɗuwa da juna bisa nauyi, bisa adadi suke haɗuwa. Haidurojin biyu da oksijin ɗaya su ke ba da molekul ɗin ruwa guda, ba ruwansu da giram. Mu kuma ba mu da idon da zai ƙirga su, sikeli kawai muke da shi. Mol shi ne tafinta tsakanin harshen sikeli da harshen zarra. Kamar yadda dozin yake nufin 12 ko da na mene ne, haka mol yake nufin 602,214,076 da sifili 15 a bayansa, ko da na mene ne. An zaɓi wannan adadin ne don nauyin zarra da ke rubuce a jadawalin sinadarai ya koma giram kai tsaye: mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na ƙarfe kusan 56, na ruwa 18. Wannan giram 18 ɗin ruwan bai kai kurɓi biyu ba, amma da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa na ƙirga molekul ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun haura shekara miliyan 2 kafin su gama.

To n = m/M ɗin da muka haddace ba komai ba ne illa abin da yarinyar nan ta yi a gabana: nauyin tuli duka, a raba da nauyin sanannen kashi ɗaya. Ita ta yi shi da hannunta kafin a ba ta sunansa. Mu suna aka ba mu, aka bar mu mu nemo abin da kanmu, kuma da yawanmu ba mu taɓa nemowa ba.

Ra'ayina ke nan, kuma ba na ɓoye shi: jerin da aka bi da mu a juye yake. Masu kimiyyar ma kansu ba daga lambar 6.02 × 10²³ ɗin nan suka fara ba. Jeremias Richter, Bajamushe, tun 1792 yake auna nawa na wannan ke cinye nawa na wancan, shi ne ma ya raɗa wa fannin lissafin sinadarai sunan da ake kiransa da shi a harsunan Turai. Amedeo Avogadro, mutumin Turin a Italiya wanda karatun shari'a ya fara yi, a 1811 ya ce iskoki biyu da suka cika wuri daidai da juna, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin molekul ɗinsu ɗaya ne. Ya mutu a 1856 bai san lambar da ake kira da sunansa ba, kuma kusan ba wanda ya kula da maganarsa, sai da Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da ita a taron masana kemistiri na Karlsruhe a 1860. Josef Loschmidt a Vienna ya ƙiyasta girman molekul a 1865, shi ya sa a tsofaffin littattafan Jamusanci da nake gani a wurin aiki lambar ta kan fito da sunansa. Jean Perrin na Faransa ne ya auna ta da kyau, kuma shi ya ba da shawarar a sa mata sunan Avogadro a 1909. Abin dariya ma, Wilhelm Ostwald da ya gutsuro kalmar mol daga molekul a shekarun 1890 ya daɗe yana shakkar ko akwai zarra ma gaba ɗaya, sai daga baya aikin su Perrin ya sa ya sauko. Wato an yi sama da shekara 100 ana lissafi da sikeli ana samun daidai kafin a san lambar. Mu kuwa a rana ta biyu aka ɗora mana ita.

Kada a ce na zo ƙasar mutane na raina inda na fito. Yaran nan ma suna da nasu ciwon, kuma ina ganinsa kullum. A makarantar 'yata ana barinsu su shiga jarrabawa da littafin fomuloli da kalkuleta, don haka ba su riƙe komai a ka. Akwai wani saurayi da aka turo mana koyon aiki, na ba shi lissafin ruwan da giram 2 na haidurojin zai bayar idan ya ƙone. Ya danna, ya rubuta giram 1,800, ya miƙo mini ko gezau. Ya san dalilin kowane mataki, ya bayyana mini shi tiryan-tiryan, amma babu wata ƙararrawa a kansa da za ta buga ta ce wannan amsar ba ta yiwuwa. Ni kuwa ko cikin barci aka tashe ni na san 2 da 16 su ke ba da 18, sodiyam 23, kalsiyam 40, sulfa 32, kolorin 35.5. Wannan haddar Malam ce, kuma har gobe ina cin moriyarta. Idan kwamfuta ta fitar da sakamakon da ya kauce, sau da yawa ni nake fara gani, ba don na fi kowa sani ba, sai don lambobin suna zaune a kaina.

Sai dai hadda ba tare da dalili ba tana da ranar da take kunyata mai ita. Ɗauki 22.4 ɗin nan. Mun riƙe cewa mol ɗaya na kowace iska lita 22.4 ne, muka watsar da sharaɗin da ke biye da shi. Hakan yana tabbata ne a digiri 0, inda ruwa ke daskarewa, da matsin iska irin na bakin teku. A ajin da muke zaune muna gumi a digiri 35, mol ɗin ya haura lita 25. Kuma tun 1982 ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, ta sauya matsin da ake ɗauka a matsayin mizani, lambar ta koma 22.7. Ranar da na fara cin karo da 22.7 a takardar wurin aiki na ɗauka kuskuren bugawa ne, har na kusa gyara musu da biro. Allah ya rufa asiri na tambaya tukuna.

Haka ma ma'anar mol ɗin kanta. Wadda muka haddace ita ce ta 1971, shekarar da aka shigar da mol cikin manyan ma'aunai bakwai na duniya: adadin zarra da ke cikin giram 12 na kabon-12, wato irin kabon ɗin da zarrarsa ke da nauyin 12. A ranar 16 ga Nuwamba 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles, kuma daga 20 ga Mayu 2019 mol ya zama lamba tsayayya, 6.02214076 × 10²³ cif, ba ya jingine da kabon kuma. Cikin aikin da ya kai ga haka har da wasu ƙwallayen silikon-28 masu nauyin kilo 1, faɗinsu kusan santimita 9.4, waɗanda aka goge su sumul aka lissafa zarrar da ke cikinsu. Hukumar awo ta Jamus da ke Braunschweig tana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Wanda ya fahimci mol a matsayin ƙirge, wannan sauyin bai girgiza shi ba, dozin dai aka tabbatar masa. Wanda ya haddace jimlar kabon-12 kuwa sai ya ji kamar an janye tabarmar da yake zaune a kai.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne tambayar da ba ta zo da kamar ta littafi ba. Iskar amoniya da ake takin zamani da ita, wadda Fritz Haber ya nuna hanyar haɗa ta a 1909, Carl Bosch kuma ya kai ta masana'anta a Oppau a 1913, tana buƙatar molekul ɗin naitirojin 1 da na haidurojin 3, su ba da amoniya 2. A sikeli, giram 28 da giram 6 ke nan, su ba da 34. Ka ba ɗalibi giram 28 na kowanne ka ce nawa zai samu. Mai karatun aku zai tara ya ce 56. Wanda ya yi wasa da kusoshi zai gane naitirojin ne zai riga ƙarewa, amoniya 34 ce dai, haidurojin giram 22 ya yi saura ba abokin haɗi. Ko kuma tambayar da wani direba ya taɓa yi mini: yaya litar fetur da ba ta kai kilo 1 ba za a ce tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon? Ya ɗauka ƙarya ce ta 'yan jarida. Ba ƙarya ba ce. Kowace zarra ta kabon mai nauyin 12 tana ɗauko oksijin biyu daga iska, 16 da 16, ta koma 44. Ƙarin nauyin daga iskar da injin ya shaƙa yake.

Har a asibiti abin yana nan. A nan Jamus wasu wuraren, musamman gabashi, suna rubuta sukarin jini da milimol a lita, yamma kuma da miligiram a desilita. Mai 7.0 a takarda ɗaya shi ne mai 126 a ɗayar, domin mol ɗaya na gulukos giram 180 ne, sai a ninka da 18. Na ga dattijo ya firgita don na'urar da aka ba shi ta nuna 126 alhali ya saba ganin 7.

Za a ce mini ai su suna da ɗakunan gwaji, mu ba mu da su. Gaskiya ne, kuma ba na ɗora wa Malam laifi. Mutum ɗaya ne a gaban yara fiye da 70, da alli da manhajar da dole ya gama kafin jarrabawa. Amma darasin da na gani bai buƙaci ɗakin gwaji ba. Gwangwani ne da kusoshi da sikeli ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne harshe. Kalmar da Jamusawa ke kiran abin da mol ke aunawa ita ce Stoffmenge, kuma yaro ɗan shekara 10 ya san guntayenta biyu: abu, da yawa, wato yawan abu. Yana jin ta ya san inda aka dosa. Mu kuwa baƙon tunani aka kawo mana cikin baƙon harshe, muka yi fama da biyun a lokaci guda, kuma da ya yi tsanani sai muka zaɓi riƙe sautin muka saki ma'anar. Da Malam ya ɗauki minti 10 ya ce mana da Hausa, "Ku saurara, ƙirge za mu yi amma da sikeli," na tabbata rabin waɗanda suka gudu daga ajin kimiyya saboda mol da sun zauna. Jarrabawa a rubuta ta da Turanci, ba na musu. Bayanin farko dai ya kamata ya shiga ta harshen da yaro ke mafarki da shi, fomula ta biyo baya, sannan a zo a haddace ta har ta zauna daram kamar yadda aka yi mana.

Daren ranar, bayan ta rubuta 500 a littafinta, 'yata ta kasa haƙuri. Ta baje kusoshin a kan tebur ta ƙirga su da hannu, ta samu 497. Ta zo da fuska a murtuke ta ce, "Baba, lissafin ya yi ƙarya." Na ce ta ɗauko wasu 10 daban ta sake aunawa. Wannan karon sikelin ya ɗan haura 8. Kusoshin ba nauyinsu ɗaya ba, matsakaici ta yi aiki da shi. Ina cikin yi mata wannan bayanin sai 35.5 ya faɗo mini. Shekara da shekaru ina rera shi ban taɓa tambayar yadda zarra za ta zo da rabi ba, sai a jami'a aka faɗa mana a gurguje cewa kolorin iri biyu ne a cakuɗe, mai nauyin 35 da mai nauyin 37, kusan uku na farkon ga ɗaya na biyun. Na ɗauko kusoshi uku ƙanana da babba ɗaya daga akwatin kayan aikina na jera mata su a kan sikelin, na ce ta raba da huɗu.